Neman shawara: manhajata tana tsayawa cak wajen karɓar lambobin bazata daga kanel

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata matsala ce ta hana ni sakat kwana uku, kuma na gwammace in tambaya da in yi gaban kaina.

Ina rubuta manhaja da harshen C don wata 'yar ƙaramar na'ura mai aiki da Linux, kanel (wato zuciyar tsarin) 4.14, firosesan ARM. Ba ta da allon rubutu, ba ta da linzami, ba ta da faifai mai juyawa. Kunna ta kawai ake yi ta kama aiki. Ranar farko da ta tashi, manhajar tana ƙirƙirar makullin sirri na bayit 32 wanda na'urar za ta riƙe har ƙarshen rayuwarta. Bayan haka duk wanda ya shiga shafin sarrafa ta ana ba shi lambar shaida ta bayit 16. Dukansu dole su kasance lambobin bazata, waɗanda ba mai iya hasashensu.

Da farko ina buɗe /dev/random ne, fayil ɗin da Linux ke ba da lambobin bazata ta cikinsa, in karanta. Sai na ga in an kunna na'urar manhajar tana tsayawa minti biyu, wani lokaci fiye, tana jira. Ko bayan ta tashi, in mutum uku ko huɗu suka shiga a jere sai ta sake ƙamewa. Abokin aikina ya ce in koma ɗaya fayil ɗin, /dev/urandom, magana ta ƙare. Na gwada, tsayawar ta ɓace, amma da na duba dmesg, inda ake ganin saƙonnin kanel, sai na tarar da wannan layin da sunan manhajata a jiki:

uninitialized urandom read (32 bytes read)

Jikina bai ba ni ba. Na kuma taɓa karantawa cewa urandom na wasa ne, random shi ne na gaske. Wanne zan bi? Na'urorin da za mu fitar suna da yawa, kuma dukansu daga kwafi ɗaya na tsarin za a loda su. In na yi kuskure a nan, na yi shi a kan kowace ɗaya. Don Allah masu sani ku taimaka.

Wani ɗan'uwa

Wa alaikumus salam. Ni dai abin da aka koya mana shi ne /dev/random ya fi tsaro domin yana jira har sai ya tara bazata ta gaskiya, shi kuwa urandom in rumbun bazatar da kanel ke tarawa ya ƙare sai ya ci gaba da ba ka lambobi marasa ƙarfi. Don haka makulli daga random, sauran daga urandom. In jiran ya dame ka, saka manhajar haveged ta riƙa cika rumbun. Ko kuma ga lambar shaidar, ka yi srand da lokacin agogo ka kira rand, wato injin lambobi na C wanda kai ke ba shi mafari, ai ba wanda zai san daƙiƙar da na'urar ta tashi.

Wani dattijo mai kula da sabobi

Ɗan'uwa da ya fara amsawa, ka yi haƙuri, maganar srand da agogo a janye ta tun kafin wani ya ɗauka. Shekara tana da daƙiƙa kusan miliyan 31 da rabi. Kwamfutar da ke gabanka za ta gwada su duka kafin ka gyara zama. An riga an sha wannan: a 1995 Ian Goldberg da David Wagner, suna ɗalibai a Berkeley, suka gano cewa burauzar Netscape tana haɗa makullanta daga lokacin agogo da lambobin furoses, wato lambar da tsari ke ba manhaja mai gudana, suka nuna yadda ake fasa su cikin ɗan lokaci. Ga na'ura irin ta mai tambaya abin ya fi muni, domin da yawansu ba su da batirin agogo, kullum suna farkawa ne a 1 ga Janairun 1970.

Maganar rumbu yana ƙarewa kuwa, ba laifinka ba ne, haka tsohon bayanin Linux ɗin kansa ya nuna shekara da shekaru. Amma bari in faɗi yadda abin yake a ciki, domin in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Kwamfuta ba ta san bazata ba. Abin da aka umarce ta shi take yi. Don haka kanel, wato zuciyar tsarin da ke tsakanin manhajoji da kayan na'ura, yana kasa kunne ga abubuwan da ba mai iya sanin lokacinsu daidai: yaushe katin sadarwa ya katse firosesa, yaushe faifai ya amsa, tazarar da ke tsakanin danna harafi da harafi. Yana auna waɗannan da ƙididdigar firosesa mai tsananin sauri, ya zuba su a rumbu ɗaya ya gauraya. Theodore Ts'o ne ya shigar da wannan cikin Linux a tsakiyar shekarun 1990.

To abin da ke rumbun ba shi ake miƙa maka kai tsaye ba. Ana ɗebo bit 256 ne a yi iri da su, a ba wani injin lissafi na sirri. Tun daga kanel 4.8 na 2016 injin nan ChaCha20 ne. Shi yake fitar da bayit ɗin da kake karantawa. Wanda bai san irin ba, ko ya ga bayit biliyan daga abin da injin ya fitar, ba zai iya faɗin na gaba ba, ba zai kuma iya komawa baya ya gano irin ba. Karanta bayit ba ya cinye irin. In da yana cinyewa, da duk sirrin intanet ya rushe, domin da makulli mai irin wannan tsawon ake rufe bayanai masu ɗimbin yawa kullum ba tare da ya lalace ba.

Saboda haka tambayar da ta dace ba "saura nawa a rumbu" ba ce. Tambayar ita ce: an taɓa shuka iri mai kyau tun da na'urar ta tashi, ko ba a shuka ba tukuna? Nan ne kowane fayil cikin biyun yake da nasa aibin a kanel ɗinka. /dev/random yana jira a farko, wanda daidai ne, amma yana ci gaba da jira bayan an shuka saboda wani lissafin ragi da ba ya ƙara tsaron komai. Shi ne ƙamewar da kake gani in mutane sun shigo a jere. /dev/urandom ba ya jira bayan an shuka, wanda daidai ne, amma ba ya jira kafin a shuka ma. Shi ne layin da ka gani a dmesg. Jikinka ya faɗa maka gaskiya, ƙanena. Kanel yana gaya maka ne cewa ya ba ka bayit 32 alhali bai shirya ba.

Maganin da aka yi wa wannan shi ne kiran getrandom, wanda ya shigo a kanel 3.17 a 2014. Ka kira shi da tuta 0: zai jira sau ɗaya har a shuka iri, daga nan ba zai ƙara tsayawa ba. Kanel ɗinka yana da shi.

Ɗan'uwan da ya fara amsawa

Na janye, Malam. Allah ya ƙara sani. Ashe shekaru ina ɗauke da tsohon zance. Amma in haka ne, me ya sa har yanzu ake da fayil biyu?

Dattijon

Domin tsofaffin manhajoji suna neman su da suna. Amma daga kanel 5.6 na 2020 an cire wancan lissafin ragin, /dev/random ya koma yana yin abin da getrandom ke yi: jira sau ɗaya, shi ke nan. A FreeBSD ma tun da daɗewa urandom hanya ce kawai zuwa random, abu ɗaya ne. A 2022 Jason Donenfeld, mai WireGuard, ya yi wa wannan ɓangaren na Linux garambawul, ya maye gurbin SHA-1 da BLAKE2s wajen gaurayawa. Shi ya sa a sababbin kanel in ka duba entropy_avail, fayil ɗin da ke nuna adadin bit ɗin da ke rumbu, za ka ga 256 kullum, wasu har su tsorata su ce ya ragu daga dubbai. Bai ragu ba, cikarsa ke nan.

Wata 'yar'uwa mai binciken tsaron manhajoji

Yaya mai tambaya, ina so in tsaya a kan jimlarka ta ƙarshe, wadda kowa ya wuce: na'urori da yawa, kwafi ɗaya. Ni nan ne hankalina ya tashi.

Ka yi tunanin na'ura ɗari masu kaya iri ɗaya, tsari iri ɗaya, agogo iri ɗaya, suna tashi suna bin matakai iri ɗaya, a daƙiƙa ta uku kowace ta karanta urandom. Ba linzami, ba mutum, sadarwa ba ta hau ba. Me zai bambanta rumbun wannan da na waccan? Kaɗan ne ƙwarai, wani lokaci babu. Sai biyu su fito da makulli ɗaya, ko makullai masu dangantaka.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2012 Nadia Heninger, Zakir Durumeric, Eric Wustrow da Alex Halderman suka tattara makullan fili na miliyoyin na'urori da ke kan intanet. Makullin RSA lambobi biyu ne manya da ba sa rabuwa aka ninka su. In na'ura biyu suka yi tarayya a ɗaya daga cikin lambobin, lissafin babban mai raba su, wanda aka sani tun zamanin Yuklid, zai tona duka biyun nan take. Da wannan suka samo makullan sirri na kashi 0.5 cikin ɗari na na'urorin da suka duba masu amfani da TLS, tsarin rufe bayanai a intanet. Ka ga kamar kaɗan, amma dubban na'urori ne masu yawa. Akasarinsu kuma irin taka ne: na'urorin raba intanet, katangun tsaro, ƙananan kaya marasa allo. Da suka bi sawu, ɗaya daga manyan dalilan shi ne karanta urandom a farkon tashi kafin a shuka iri.

Abin da ke ba ni tsoro a wannan fanni shi ne kuskuren ba ya kuka. In ka rubuta lissafi ba daidai ba, manhaja za ta faɗi ko ta ba da amsar da kowa zai ga shirme ce. Amma makulli mara ƙarfi kamarsa ɗaya da mai ƙarfi a ido. A Debian, wani nau'in Linux, wani gyara da aka yi wa OpenSSL, manhajar sirranta bayanai, a 2006 ya sa lambar furoses kaɗai ta rage a matsayin tushen bazata, wato makullai kusan 32,768 kacal ga kowane nau'i. Komai yana aiki lafiya lau, ba wanda ya lura, sai a Mayun 2008 Luciano Bello ya gano. Kusan shekara biyu.

Don haka jiran nan da ke ɓata maka rai shi ne kanel yake kare ka. Kada ka nemi hanyar tsallake shi. Ka nemi hanyar da iri zai samu da wuri.

Mai tambaya

Na gode Malam, na gode 'yar'uwa. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Na sauya zuwa getrandom da tuta 0 yanzun nan. Ƙamewar da ake yi in mutane sun shigo ta tafi gaba ɗaya. Amma jiran farko yana nan: layin "crng init done", wanda ke nuna an shuka iri, ba ya fitowa a dmesg sai bayan fiye da minti ɗaya da rabi. Ba za a karɓi wannan daga gare ni ba, ana so na'urar ta amsa cikin daƙiƙa goma. Na ga akwai tutar GRND_NONBLOCK. In na sa ta, in ya ce bai shirya ba sai in koma urandom, ya yi?

'Yar'uwar

A'a Yaya, wannan komawa gidan jiya ne. GRND_NONBLOCK amfaninta shi ne ta gaya maka gaskiya ba tare da ta riƙe ka ba: za ta dawo da EAGAIN, kai kuma ka ci gaba da wasu ayyukan ka dawo anjima. Ba izini ba ce ta ɗaukar abin da bai nuna ba. Ka raba aikin biyu. Duk abin da ba ya buƙatar sirri ya tashi nan da nan, fitila ta kama, na'urar ta amsa. Ƙirƙirar makulli da shafin shiga su jira a gefe, shafin ya nuna "ana shiri" har kanel ya gama. Makullin ma ai sau ɗaya ake yin sa a rayuwar na'urar.

Wani mai haɗa ƙananan na'urori

Sana'ata ke nan, bari in sa baki. Abu na farko, duba takardar bayanin cif ɗinka. Cif ɗin ARM da yawa suna da injin bazata na kansu a ciki, wanda ke ɗebo hayaniyar lantarki, sai dai a bar direbansa a kashe lokacin haɗa kanel. Duba ko akwai /dev/hwrng, ka kuma karanta /sys/class/misc/hw_random/rng_current. In akwai, rngd na cikin rng-tools zai riƙa ɗebowa daga can yana zuba wa kanel, kuma yana gaya masa ya lissafa abin da aka zuba. Ka tayar da shi da wuri a jerin tashi.

Wannan lissafawar ita ce inda mutane ke ruɗewa. In ka rubuta bayit cikin /dev/urandom, kanel zai gauraya su a rumbu, amma ba zai ƙirga su a matsayin bazata ba, domin kowa yana iya rubutawa a wurin. Wanda zai ce "na rantse waɗannan bit ɗin na gaske ne" sai mai iko na rut, wato babban mai kula da tsarin, ta hanyar ioctl mai suna RNDADDENTROPY. Shi ya sa za ka ga mutum ya zuba fayil guda a urandom amma jiran bai ragu ko daƙiƙa ɗaya ba.

Abu na biyu, fayil ɗin iri. Yawancin tsarin Linux suna ajiye 'yan bayit na bazata a faifai kafin su mutu, in sun tashi su mayar da su rumbu. A systemd yana /var/lib/systemd/random-seed. Dabara ce mai kyau daga tashi na biyu zuwa gaba, da sharaɗi biyu: a sauya fayil ɗin nan take bayan an yi amfani da shi, don kada yankewar wuta ta sa a maimaita iri ɗaya, kuma kada ya taɓa shiga cikin kwafin da ake loda wa na'urori. In ya shiga, na'urorinka duka sun gaji iri ɗaya daga uwa ɗaya. Saboda wannan haɗarin ne systemd ba ya lissafa fayil ɗin sai ka umarce shi. Ka buɗe kwafinka yau ka duba. In kuna da wani mataki a wurin haɗawa inda ake taɓa kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya, nan ne wuri mafi kyau na rubuta wa kowace nata irin daban daga kwamfuta mai lafiya.

Abu na uku, in da hali ka ɗaga kanel. Daga 5.4 na 2019, in wani ya kira getrandom alhali ba a shirya ba, kanel da kansa yana tashi ya nemi bazata daga 'yar rawar da ke cikin saurin firosesa, maimakon ya zauna jiran katsewa. Linus Torvalds ne ya sa wannan bayan an samu kwamfutoci suna maƙalewa wajen tashi. Yana buƙatar cif mai ƙididdiga mai sauri, don haka sai ka gwada a naka. Haveged da ɗan'uwa ya ambata a sama kusan wannan tunanin ne daga wajen kanel. Ni a ra'ayina shi ne zaɓi na ƙarshe, bayan injin cif da fayil ɗin iri, domin ingancinsa ya dogara ga yadda firosesan yake, kuma ƙananan cif ba su cika rawa ba.

Wani matashi

Tambaya a kan tambaya, ku yi haƙuri. In cif yana da injin bazata, me ya sa ba za a karanta shi kai tsaye ba a huta? A Intel ai akwai umarnin RDRAND mai yin haka.

Dattijon

Akwai, tun 2012. Amma ba ka iya leƙa cikin cif ka ga me yake yi, kuma cif yana kuskure. A 2019 wasu firosesan AMD Ryzen 3000 sun fito da RDRAND da ke mayar da lamba ɗaya kullum, duk bit ɗinta 1, yana kuma cewa ya yi nasara. Wasu tsarin Linux sun kasa tashi a kansu har sai da aka sabunta BIOS. Wanda ya dogara da shi shi kaɗai ya shiga uku. Kanel kuwa gauraya shi yake yi da sauran majiyoyi, kuma yadda ake gaurayawar, majiya mara kyau ba ta ɓata mai kyau. Ga wani amfanin kuma: kanel yana ganin abin da manhajarka ba ta gani, kamar katsewar kowane kaya, yana kuma sabunta irin lokaci zuwa lokaci. Ka bar masa aikinsa.

Wani mai rubuta C

Tunda an gama da babbar magana, ga ƙananan ramukan da na ga mutane suna faɗawa wajen kiran kansa.

Ka duba abin da getrandom ya dawo da shi. In ka nemi bayit 256 ko ƙasa, kuma an riga an shuka iri, za ka samu duka a kira ɗaya, siginal ba zai katse shi ba. Amma lokacin jiran farko siginal na iya katse shi ya dawo da EINTR, kuma in ka nemi da yawa yana iya ba ka wani ɓangare. Don haka:

```
size_t samu = 0;
while (samu < tsawo) {
    ssize_t n = getrandom(buf + samu, tsawo - samu, 0);
    if (n < 0) {
        if (errno == EINTR) continue;
        abort();
    }
    samu += n;
}
```

Ka lura da abort ɗin. In an kasa samun bazata, manhaja ta mutu da ƙara ya fi ta ci gaba da ma'aji cike da sifili. Na taɓa gyara wata manhaja da ke buɗe /dev/urandom ba ta duba ko buɗewar ta yi. Aka sa ta cikin chroot, wato keɓaɓɓen wurin da ba ta ganin sauran fayiloli, inda babu /dev, ta ci gaba da raba lambobin shaida kamar ba abin da ya faru. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa aka yi getrandom: ba ya buƙatar fayil, ba ruwansa da chroot, ba ruwansa da ƙarewar adadin fayilolin da aka yarda furoses ya buɗe. Mutanen OpenBSD ne suka fara da getentropy a 2014, masu LibreSSL suka nemi irinsa a Linux. In glibc ɗinka ya girmi 2.25 na 2017 ba za ka ga sunan getrandom a ciki ba, sai ka bi ta syscall da SYS_getrandom.

Na biyu, kada ka ɗebo bayit dubu ka ajiye a manhaja kana tsakura don gudun yawan kira. Ranar da ka yi fork, wato furoses ya kwafi kansa ya zama biyu, uwa da ɗa za su gaji ma'aji ɗaya, su ba mutum biyu lambar shaida ɗaya. Bayit 16 a kowace shiga ba nauyi ba ne, ka tambayi kanel kowane karo.

Na uku, in za ka mayar da bayit haruffa. A ce kana da haruffa da lambobi 62, ka yi bayit % 62. Bayit yana da ƙima 256, kuma 62 sau 4 shi ne 248, saura 8. Ke nan haruffa takwas na farko suna da hanya biyar ta fitowa, sauran suna da huɗu. Ka jefar da duk bayit da ya kai 248 ka ɗebo wani, ko ka rubuta lambar da heks, inda kowane bayit ke zama harafi biyu ba tare da son kai ba.

Wata mai aiki da Python

Ga masu karantawa da ba C suke rubutawa ba: kada ku buɗe waɗannan fayilolin da hannunku, harshenku ya riga ya yi muku. A Python secrets ne, tun 3.6, ko os.urandom. Amma ban da random, domin Mersenne Twister ne a ƙarƙashinsa, wanda ya ga fitarsa 624 a jere ya san duk abin da zai biyo baya. An yi shi don kwaikwayon lissafi da wasanni, ba don sirri ba. A Go crypto/rand, a Java SecureRandom, a burauza crypto.getRandomValues. A Windows BCryptGenRandom ne, a macOS da BSD akwai getentropy da arc4random_buf. Sunaye ne daban, amma duk wurin tsarin aiki suke komawa neman iri.

Python ma ya sha irin matsalar mai tambaya. Da 3.5 ya koma getrandom, sai wasu kwamfutoci suka riƙa maƙalewa wajen tashi, domin wani rubutun Python yana gudana da wuri, kuma Python yana neman bazata don teburansa na ciki tun kafin ya fara aiki. Aka yi doguwar muhawara, a ƙarshe aka raba: abin da ba sirri ba kada ya jira, os.urandom kuwa daga 3.6 ya jira. Daidai da shawarar da 'yar'uwa ta bayar a sama.

Mai tambaya

Na dawo da labari. Cif ɗin yana da injin bazata, direban ne ba a kunna ba. Na kunna, na sa rngd a farkon jerin tashi, yanzu "crng init done" yana fitowa kafin manhajata ma ta fara. Na bar getrandom da tuta 0 da madaukin da ɗan'uwa ya rubuta, na mayar da lambar shaida heks. Sannan na buɗe kwafin kamar yadda aka ce, sai ga fayil ɗin iri zaune a ciki, wanda ya samo asali daga na'urar da na yi gwaji a kanta. Na cire shi, na kuma sa matakin haɗa kwafi ya ƙi kammalawa in ya gan shi.

Saura abu ɗaya. Akwai na'urori shida na gwaji da suka riga suka ƙirƙiri makullansu a kwanakin da nake kan urandom. Na kwatanta su, ba biyu da suka zo ɗaya. In bar su?

'Yar'uwar

Kada ka bar su, Yaya. Bambancinsu da juna bai nuna ƙarfinsu ba. In yanayin da na'urar za ta iya tashi a ciki miliyan ɗaya ne kacal, shida za su iya bambanta sarai, amma mai irin na'urarka a hannu zai iya bin miliyan ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ka goge makullan shidan, ka soke su a duk inda aka yi musu rajista, ka loda sabon kwafin, su ƙirƙiri wasu bayan layin nan ya fito a dmesg.

Mai tambaya

An gama, na goge su duka shidan. Allah ya saka wa kowa da alheri.